Tattakin Bayan Asuba: Inda Za Ka Miƙe Ƙafa A Salaga, Yendi Da Bawku

Wani dattijo daga Salaga, wanda ya shafe ƙuruciyarsa yana jan babbar mota tsakanin arewa da Kumasi, ya aiko mini da tambaya. Ya ce an gwada shi a asibiti, an tarar jininsa ya hau, sukari ma ya fara leƙowa, likita kuma ya ce lallai ya riƙa tafiyar ƙafa ta rabin awa kullum. Ɗansa da ke Akra ya turo masa hotunan masu tattaki a bakin teku a Labadi, da na lambun Aburi mai dogayen itatuwa, ya ce Baba irin wannan ake so ka riƙa yi. Shi ne dattijon ke tambaya: "Mu da ba mu da teku, ba mu da lambun gwamnati, a ina zan yi tawa tafiyar? A bakin titi, babura na tayar mini da ƙura?"

Baba Alhaji, Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa kaffara ne. Tambayarka ta mutane da yawa ce, shi ya sa zan amsa ta a fili, in haɗa da 'yan'uwanmu na Yendi da Bawku, domin damuwar ɗaya ce.

Abin da likita ke nema daga gare ka bai da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na bukatar aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Matsakaici kuwa yana da ma'auni mai sauƙi: ka yi sauri har numfashinka ya ɗan ƙaru, jikinka ya yi ɗumi, amma kana iya amsa gaisuwa ba tare da haki ba. A irin wannan taku mutum na cin kilomita ɗaya cikin minti 12 zuwa 15. Ka ga ke nan abin da ake nema bai wuce kilomita biyu da ɗan ɗori ba, rabi zuwa, rabi dawowa. Zuciya da jijiyoyi ba su san bambancin yashin teku da jar ƙasar Gwanja da Salaga ke cikinta ba.

Kuma in akwai garin da bai kamata a koya wa mutanensa tafiyar ƙafa ba, Salaga ce. Da ƙafa aka gina ta. Fatake sukan taso daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna da alfadarai, madugu na shugabanta, jagaba na gaba, su yi watanni a hanya ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su koma da goron da ake kawowa daga dajin Ashanti. Jikokin waɗannan mutane ne yau muke hawa babur mu je masallacin da muke jin kiran sallarsa daga tsakar gida. Babur ya sauƙaƙa mana rayuwa, ban musa ba, amma ya ƙwace mana abin da kakanninmu ke samu kyauta.

To, ga hanya ta farko, wadda nake so ka fara da ita. In an idar da sallar Asuba, ka zauna ka gama wuridinka har gari ya ɗan waye, ka iya ganin inda kake taka ƙafa. Ka tashi daga wajen tsohuwar kasuwar bayi da ke tsakiyar gari, ka nufi rijiyoyin da ke gefen gari, wurin da har yau ake kira da sunan da Hausawa suka ba shi, Wankan Bayi. Ba nisa, kowane yaro zai nuna maka. Da ka bar gidajen ƙarshe za ka ji iska ta sake. Ƙurar titi ta koma baya, sai ƙamshin raɓa a kan ciyawa, da kukan kurciya, da matan da suka yi sammakon ɗibar ruwa suna wucewa da kwanoni a ka. Ana yi wa Salaga kirari da garin rijiyoyi dubu, kuma in ka isa can za ka ga dalili: ramuka ne da aka fafe a cikin marmara, bakinsu ƙarami, kusa kusa da juna.

A nan ne nake roƙonka ka kula sosai. Ba duk rijiyoyin ne ke da murfi ko katanga ba, kuma da damina ciyawa kan rufe bakin wasu. Na taɓa ratse hanya a wurin a ƙarshen damina don in gajarta tafiya, sandata ce ta fara faɗawa rami kafin ƙafata, na daɗe tsaye gabana na faɗuwa. Tun daga ranar ba na barin turbar da sawun mutane ya bayyana a kanta. Ka bi inda aka bi, kada ka je da duhu, kada kuma ka bar jika ya ruga gabanka.

Wuri ne mai nauyi. A nan ake wanke mutanen da aka kamo, a shafe su da man kaɗe kafin a kai su kasuwa, kuma akwai wani wurin da ake kira Rafin Angulu, inda ake yar da waɗanda suka mutu. Waɗannan sunaye da harshenmu suke, saboda haka ba za mu ce labarin wasu ba ne. Ni a ganina mai tattaki a nan ya rage murya, ya yi wa waɗanda suka wuce addu'a, in yana tare da yara ya gaya musu gaskiyar abin da ya faru.

In ƙafarka ta saba, bayan mako uku ko huɗu, sai ka ƙara da hanyar Kpembe, mazaunin sarkin da ake kira Kpembewura, kimanin kilomita 3 daga Salaga. Zuwa da dawowa zai ci maka awa ɗaya da rabi, don haka kada ka ɗaukar wa kanka duka a rana ɗaya. Ka je rabi ka juyo, ko ka taka har can ka hau abin hawa ka dawo. Daga rikicin sarautar Kpembe ne yaƙin basasar 1892 ya tashi, wanda ya tarwatsa Salaga, malamai da attajirai suka watse zuwa Kete Krachi da Yeji da wasu garuruwa. Cikin waɗanda suka bar garin har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya yi rubuce-rubuce da Hausa da Larabci, ya rasu a Kete Krachi a 1934. Mutum na tafe a wannan hanya da safe, gonakin doya dama da hagu, kunya-kunya a jere, da wuya ya yarda an taɓa gudun ceton rai a kanta.

Wannan hanya ta mota ce, saboda haka ga ƙa'idar da kai tsohon direba ka fi ni sani, amma masu karatu da yawa ba su kiyaye ta: tun 1974 a hannun dama ake tuƙi a Gana, don haka mai ƙafa ya bi gefen hagu, yana fuskantar abin da ke tahowa. Ka sa tufa mai haske. Kada ka toshe kunnuwanka biyu da karatu ko rediyon waya, domin ɗan babur da ya taho ba fitila ƙararsa kaɗai ce gargaɗinka.

Batun bakin ruwa kuma, Baba, ba a bar ka haka ba. Tun da aka kammala madatsar Akosombo a 1965 tafkin Volta ya malalo har kusa da ku. Ka shiga mota zuwa Makango, inda ake hawa jirgin fito zuwa Yeji, ka ga ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ga jiragen masunta, ga mata na banda kifi. Ka taka a bakin gaɓa da hantsi ko da yamma, ka sayi kifi ka koma gida. Wannan fita ce ta wata-wata, ta ranar da ɗanka ya zo hutu, ka nuna masa naku tekun. Sharaɗi ɗaya: kada ka shiga ruwan, ko da wanke ƙafa ne. Tsutsar tsargiya na zaune a ruwan gefen tafkin, a jikin ƙananan dodon koɗi, kuma ta fata take shiga. Ka riƙe ruwan alwalarka a gora.

Mutanen Yendi, ku taku tafiyar a cikin gari take, kuma kusan kowane kusurwa da labarinsa. Mutum na iya haɗa zagaye ɗaya da zai bi ta kusa da fadar sarki, wato fadar Gbewaa, ya leƙa kabarin Babatu, jagoran mayaƙan Zabarmawa da ya addabi ƙasar Gurunsi da kamun bayi kafin ya ƙare rayuwarsa a Yendi a 1907, sannan ya wuce maƙabartar Jamusawa, waɗanda suka riƙe garin har zuwa 1914. Layin nan na Girinwic da ya raba duniya gabas da yamma ta yankin Yendi ya ratsa, abin da yaran makaranta ke jin daɗin ji in an fita da su. A kusa da fada a kiyaye ladabi: a rage sauri, a gaida dattawan da ke zaune, kada a ɗaga waya a ɗauki hoto sai an nemi izini, kuma ranakun bikin Damba ko Bugum a bar wa taro hanya. Kabarin Babatu a hannun zuriyarsa yake, sai a yi sallama a nemi iso kamar yadda ake shiga kowane gida.

Adibo, inda Dagombawa suka gwabza da Jamusawa a watan Disamba na 1896, tana kudu a kan hanyar Bimbila, kuma ta yi wa mai hawan jini nisa da ƙafa. A je da abin hawa, a sauka a zaga. Haka bakin kogin Oti a Sabari. Don tattakin kullum kuwa, na fi son hanyoyin gona da ke fita daga bayan unguwanni, waɗanda kaɗanya da ɗorawa suka yi wa rumfa. A zaɓi guda ɗaya da manoma ke bi kowace safiya, a san ta kamar tafin hannu, a san gidan ƙarshe da bishiyar da za a juyo a gindinta.

Bawku kuwa, da nauyin zuciya nake rubuta nata. Ƙasa ce mai kyan gani: duwatsun Zawse na nan kusa da gari, da rani lambunan albasa kan yi kore shar a bakin Farin Volta, a Pusiga ga wurin da tarihin baka ya ce ƙasa ta haɗiye Naa Gbewaa, kakan sarakunan Mamprugu da Dagbon da Nanung. A Kulungugu, kan iyakar Burkina Faso, aka jefa wa Kwame Nkrumah bam ranar 1 ga Agusta, 1962. Duk wuraren fita ne da iyali in hankali na kwance. Amma kowa ya san rikicin sarauta ya daɗe yana cin rayuka a garin, kuma Ma'aikatar Cikin Gida kan sa dokar hana fita tana sabunta ta, awanninta na canzawa. Shawarar fita bayan Asuba da na ba mutumin Salaga ba za ta yi wa na Bawku aiki ba sai ya tabbatar dokar ta ɗaga a wannan sa'ar. Ka saurari rediyo da dare. Ka tsaya cikin unguwar da aka san fuskarka, ka riƙe katin shaidarka, kada ka bi ta bayan shingen jami'an tsaro, kada ka nufi iyaka don shan iska. Ranar da gari ya yi tsit ɗin da ba ka yarda da shi ba, ka zaga tsakar gida ko harabar masallacin unguwa. Zagayen filin ƙwallon makaranta sau shida ko bakwai ya kai kilomita biyu, kuma jiki zai karɓa. Masu zuwa bakin Farin Volta su tuna da cewa wajen Agusta da Satumba ana buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, ruwa kan taso ya shanye gonakin gaɓa ko da ba a yi ruwan sama a nan ba. In an yi sanarwar buɗewa, a nisanci kogin.

Yanzu ga abin da ya shafi garuruwan uku gaba ɗaya, wato yanayi. Shekararmu ba ɗaya ba ce, tattakinmu ma ba zai zama ɗaya ba. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, safiya na da daɗin tafiya amma ƙura na shaƙe ƙirji. A rufe hanci da rawani ko takunkumi, a shafa man kaɗe a diddige kafin faso ya buɗe, mai asma ya jira hazo ya ɗaga. Lokacin ne kuma ake ƙona daji, in ka hango hayaƙi a gabanka ka juya. A Maris da Afrilu zafi kan haura digiri 40, don haka duk wanda bai dawo gida kafin ƙarfe bakwai da rabi ba ya makara, sai ya jira bayan La'asar sakaliya. Da azumi a rage, a mayar da ita dab da shan ruwa ko bayan Tarawihi a wuri mai fitila.

Damina ta fi kowane lokaci kyau, ta kuma fi haɗari. Matan da ke sammakon tsintar ƙwaryar kaɗanya sun san abin da nake nufi, domin su ne kububuwa ta fi sara. Ƙaramar macijiya ce mai launin ƙasa, tana kwanciya cikin busasshen ganye, dafinta na hana jini daskarewa. Ba don wasa ake ce mata gobe-da-nisa ba. Ka sa takalmi rufaffe, ka riƙe sanda kana buga ƙasa, ka bar ciyawa mai tsawo. In tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire zobe da agogo, a hana wanda aka sara tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take. Lambar neman agajin gaggawa a Gana 112 ce. Awannin da ake ɓatawa wajen gwada maganin gida su ne kan sa a makara.

Takalmi ba sai mai tsada ba. Kambas na gwanjo da ya zauna wa ƙafa daidai, da safa ta auduga, ya wadatar. Silifas na jawo tuntuɓe da ƙaya. Gare ka musamman, Baba, tunda an ambaci sukari: kada ka taɓa fita ba takalmi, ka zazzage shi kafin ka sa, in ka dawo ka duba tafin ƙafarka da tsakanin yatsu, domin ciwon sukari kan kashe jin zafi, ƙaramin rauni ya girma ba ka sani ba. Ka sa dabino uku a aljihu. In ka ji jiri, ko rawar jiki, ko zufa mai sanyi, ka zauna ka ci. In kuwa ka ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko zafi na sauka kafaɗa da hannu, ko numfashi ya gagara, tafiya ta ƙare, asibiti za a nufa. Kuma tattaki ba ya maye gurbin ƙwayar da aka rubuta maka. Ka ci gaba da sha, ka koma a gwada ka, likita ne zai ce a rage.

Akwai wani cikas da ba a rubuta shi a takardar asibiti, kuma na ga ya mayar da mutane da yawa gida. Ranar farko da ka fito, kafin ka kai bakin kasuwa mutum uku za su tsayar da babur: "Alhaji, lafiya? Mota ta lalace ne? Hau in kai ka." Kunya kan kama dattijo, ya ga kamar za a ce karayar arziki ce ta sa shi tafiyar ƙasa. Ka amsa da fara'a, ka ce likita ne ya sa, ka gode, ka wuce. Cikin mako guda tambayar za ta ƙare, cikin wata guda wani sa'anka zai ce ka biyo masa gobe. Ka karɓe shi hannu biyu. Tafiyar mutum biyu ta fi daɗewa, domin ranar da kasala ta kama ɗaya, sallamar ɗayan a ƙofar gida za ta tashe shi.

Iyayenmu mata sun fi shan wannan tambaya. Matar ƙauye da ke zuwa gona da rafi ta riga ta cika nata awon har da ƙari. Wadda nake ji ita ce Hajiyar da ke wuni zaune a shago ko gindin tukunyar wake da shinkafa, gwiwa na ciwo, ƙafa na kumbura. Hajiya, ki nemi maƙwabta biyu ko uku, ku fita tare bayan an sallami yara makaranta ko bayan La'asar, ku sa hijabi mai haske wanda bai ja ƙasa. In fita bayan gari bai yiwu ba, ku mayar da zuwa islamiyya ko gaida mara lafiya a wata unguwa tafiyar ƙafa. Maigida kuma, wannan izini ne da bai kamata a roƙe ka sau biyu ba. In da hali ma ka raka ta.

Ina da roƙo ga 'yan majalisar unguwanni da sarakunan zango da limamai. Lambun Aburi da ake turo mana hotonsa, a 1890 aka buɗe shi, wasu ne suka dasa itatuwan da ba su zauna inuwarsu ba. Ba sai mun jira gwamnati ta kewaye mana fili ba. A zaɓi hanya guda a kowane gari, matasa su dasa darbejiya da maɗaci a gefenta da farkon damina, a kewaye su da ƙaya saboda awaki, a ajiye benci biyu ko uku na siminti inda tsoho zai huta, a hana zubar da shara da bahaya a wurin. A Salaga a yi wa rijiyoyin da ke kusa da turba alama ko murfi. Aikin gayya na 'yan Asabar kaɗan ne.

Baba Alhaji, gobe in Allah Ya kai mu kada ka ce sai ka cika rabin awa. Ka yi minti biyar zuwa, biyar dawowa, ka yi haka har mako ya zagayo. Mako na biyu ka ƙara biyar, na uku ka ƙara biyar, sannu ba ta hana zuwa. Ka gaya wa mutanen gida hanyar da ka bi, ka ɗauki wayarka da gorar ruwa da sandarka. Ranar da ka taka har Kpembe da ƙafarka, ka sa a ɗauke ka hoto a can ka tura wa yaron nan na Akra, ni ma ka aiko mini da labari.